Wa Zai Wanke Baffa Ubale?

Alexandria, Virginia
6 ga Maris, 2023

Zuwa ga Gwaggona Hajiya Furera,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya ƙafar taki? Ya Munzali da iyalinsa, ya ɗalibanki na Islamiyya? Ni ƙalau nake, sai sanyi da ya ƙi tafiya da karatu da ya ƙi ƙarewa. Mubina ce, 'yar Nazir, jikar Malam Inuwa ɗan baffan mahaifinku. Ni ce kika ja wa kunne a gaban mutane don na ce ba zan yi shara ba sai yayyena maza sun yi, daga baya kika kira ni ɗaki kika ce gaskiyata ce, bakina ne dai ya yi tsawo.

Na san za ki ce wane irin ƙauyanci ne takarda a zamanin waya. Wayarki rabin yini tana hannun ɗanki Munzali, saƙon murya kuma a gidanku har maƙwabta suna sha. Shi ya sa na aiko ta adireshin Islamiyya.

Gwaggo, na ga Baffa Ubale.

A wajen wani suna ne a Gaithersburg, cikin watan jiya. Na ci waina na ce wannan hannun Gwammaja ne, sai aka nuna min mai yin ta, wata doguwar dattijuwa da ake kira Anti Asma. Ta dube ni ta ce, "Wannan goshin na gidan Malam Inuwa ne. 'Yar wa ce ke?" Na gaya mata, ita ma ta gaya min ko ita wa ce. Ƙaninki ne, wanda aka ce mana ya ɓace a Ikko. Shekararta ashirin da bakwai a nan, ta sauya suna a kotu, likitoci kuma sun yi mata aikin sauya jiki zuwa na mace tun tuni. Zan riƙa rubuta "ta" don haka na same ta, kuma haka take amsawa. Ki yi min haƙuri idan ya sosa miki rai.

Ba ta da lafiya. Ciwon daji ne a hanta, likita ya ce watanni kaɗan, wataƙila ma ba su kai ba. A fom ɗin asibiti sunana ta rubuta a gurbin dangi, don ba ta da kowa. Ranar Lahadi na hau jirgin ƙasa na Metro har ƙarshen layi na kai mata kunu, ta riƙe hannuna ta ce, "Mubina, mutuwar ba ta dame ni ba. Wa zai wanke ni?"

Shekara huɗu ina karatun digiri na uku a kan al'amuran mata, na rubuta takardu a kan muhawarar wa za a kira mace har farfesa ta yaba, amma tambaya guda ta mayar da ni 'yar aji ɗaya. Ke ce kike wankan gawar mata a unguwa tun kafin a haife ni, ke ce kuma babbarta. Ki gaya min yadda zan yi. Tsoro nake ji.

Taki,
Mubina

*

Gwammaja, Kano
21 ga Maris, 2023

Mubina 'yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Ƙafa da sauƙi, ido ne yanzu yake min gardama. Kowa ƙalau. Na gane ki sarai, bakin nan naki ashe har Amurka ya kai ki.

Na karanta sau uku, na ƙona ambulan. Alhamdu lillahi da yake raye, Allah ya ba shi sauƙi. Ni "shi" zan ce, don ni na goya shi, na san abin da na goya.

Tunda karatun mata kike yi, bari in ƙara miki darasin da babu a littafinki. Shekarar da mahaifinmu Malam Auwalu ya rasu ina da ashirin da huɗu, ina aikin jinya a asibiti, aka ba ni gurbin karatun ungozoma a Ingila. Abu ɗaya ya rage, sa hannun waliyyi a takardar fasfo. Waliyyin nawa shi ne Ubale, yaro ɗan shekara goma sha takwas, wanda ko tuwonsa ni nake kwashewa. Na kai masa takarda da biro har zaure. Ya dubi baffanninmu, ya dube ni, ya ce, "Mace ba ta tafiya ita kaɗai." Bayan shekara biyu ya ɗauki jakarsa ya bar gari, ba wanda ya tambaye shi sa hannun kowa.

To ki gaya min, da wace ƙafa ya fita? Da ƙafar namiji. Ya yi sakandare ba a ce zai lalace ba. Ya ci nama a kwanon maza mu muna jiran romo. Ya shiga duniya ya ga abin da ban gani ba, har ya kai ƙasar da mutum zai ce ga abin da yake so ya zama a ba shi. Duk wannan da rigar maza ya same shi. Yanzu da tafiya ta zo ƙarshe sai a ce mata ne za su durƙusa su yi aikin? Kullum haka ne, in daɗi ne nasu, in wanki ne namu. Ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, to shi wane ciwon namu ya ɗanɗana? Bai taɓa zama a tsakar gida yana jiran wani ya ba shi izinin fita ba.

Ki je wurin mazan masallacinku. Su ne suka naɗa shi namijin gida, wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Ki riƙa cin abinci. Na ga hotonki wajen uwarki, kin zama kamar tsinken tsintsiya.

Gwaggonki,
Furera Auwalu

*

Alexandria
2 ga Afrilu, 2023

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya ibada, ya idon? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, ina cin abinci kamar yadda kika ce.

Na bi maganarki. Na je wurin Malam Abdulmumin, shi ne shugaban masu wankan gawar maza a masallacinmu, injiniya ne, mutumin kirki. Ya saurare ni kansa a ƙasa har na gama. Ya ce, "Ɗiyata, salla za mu yi masa, wannan haƙƙin Musulmi ne, kabari ma za mu taya. Amma jikin da kika kwatanta jikin mace ne a ido. Ba zan sa mazan mutane su buɗe shi ba." Daga nan na wuce wurin Hajiya Haula, shugabar ɓangaren mata, wadda wainar Anti Asma ce aka ci a bikin 'ya'yanta biyu. Ta yi kuka sosai, sannan ta ce, "Mubina, namiji aka haife shi. Shekarata sittin ban taɓa wanke namiji ba, ba zan fara a Amurka ba." Kin ji. Maza sun ce mace ce, mata sun ce namiji ne, kowa ya wanke hannunsa ya bar ni da ita.

Na yi wani abu da ban nemi izininki ba. Na karanta mata takardarki. Ita ta matsa, ta ce ta san hannunki tun daga nesa. Da na zo wajen ƙafar namiji ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce, "Yaya ba ta sauya ba." Na karanta har ƙarshe. Ga abin da ta ce in rubuta miki, ban ƙara ba ban rage ba:

"Ki ce wa Yaya duk gaskiya ta faɗa. Amma ta tuna dukan da Baffa Sule ya yi min da igiyar guga ranar da ya kama ni da ɗankwalinta. Ta tuna yara suna bi na suna ɗan daudu har ƙofar gida. Ranar takardar fasfon nan ita ce rana ɗaya tak da baffanni suka dube ni kamar mutum. Na sayi wannan kallon da karatunta, bai kuma yi min ko mako guda ba. Na san abin da na ɗauke mata. Ta yafe min."

Gwaggo, a ajinmu wannan maganar ce take raba mu gida biyu. Wasu suna cewa wanda aka rena a matsayin namiji ya riga ya ci gatan maza, ba ya goguwa, kuma mata suna da haƙƙin su ce ga iyakar ɗakinsu. Wasu suna cewa wane gata ne ga yaron da ake duka kullum don ya kasa zama abin da ake so? Da can ina da ɓangare, har ina ɗaga murya. Yanzu na ga gata da dukan a jikin mutum ɗaya, na kuma ga wadda aka biya kuɗin gatan da rayuwarta, ita ce ke. Ban ce ki sauya ra'ayi ba. Ni ma ban san nawa ba.

Abin da nake roƙo ɗaya ne. Tunda kowa ya ƙi, ni zan yi. Amma ko gawar kaza ban taɓa riƙewa ba. Ki rubuto min yadda ake yi, daki-daki, kamar kina koya wa yarinya. An mayar da ita gidan jinyar masu jiran lokaci, ruwa kawai take sha.

Taki,
Mubina

*

Alexandria
9 ga Mayu, 2023

Gwaggo,

Assalamu alaikum, da fatan kin yi salla lafiya. Mako biyar ke nan ban ji daga gare ki ba. Kamfanin aika saƙo ya nuna min an karɓi takardata a Islamiyya, har da sunan wanda ya sa hannu. Na kira wayarki ranar salla, Munzali ya ɗauka ya ce kina kwance ba kya son magana, ya kashe. Na gane. Na karanta sirrinki ga wadda ta ɓata miki, na kuma cika miki takarda da "ta". Idan fushi kike yi, ni na jawo, ki yi da ni. Amma kada ki haɗa da mai mutuwa.

Jiya ma'aikaciyar gidan jinyar ta zaunar da ni ta ba ni wata takarda mai zaɓi. Idan dangi ba su shirya komai ba, gidan ajiye gawa ne zai yi nasa, da ma'aikatansa da magungunansu. Har da layin ƙona gawa a ciki, wai ya fi sauƙi. Na fita na zauna a tashar bas, motoci uku suka wuce ban iya tashi ba.

Na duba bidiyoyin wanka a intanet, kowane malami da nasa, na ƙara rikicewa. Anti Asma ba ta gane mutane sosai yanzu, amma duk sanda na shiga sai ta ce, "Yaya ta aiko?" Ina ce mata tana hanya. Ban san kwana nawa zan iya ci gaba da wannan ƙaryar ba.

Maƙwabcina Dachung, mai aiki a gidan rediyo, yana Jos wajen mahaifiyarsa, ta Kano zai taso ranar goma sha tara. Lambarsa tana bayan takardar nan. Ko layi biyu ne ki ba shi.

Mubina

*

Gwammaja
17 ga Mayu, 2023

Mubina,

Wa alaikumus salam. Ke dai akwai ki da saurin yanke hukunci, halin kakanki. Wa ya ce miki fushi nake? Aikin ido aka yi min, yanar da ta rufe shi aka cire, dama sannan hagu. Takardunki biyu suna ƙarƙashin matashina ina shafa su kamar makauniya, don wa zan ba ya karanta min? Munzali? Shekaranjiya aka ba ni tabarau. Rubutun nan ma in ya karkace ki yi haƙuri. Yanzu da sauƙi, har ƙurar da surukata take bari a kan taga ina gani.

Na karanta maganarsa. Na tuna igiyar gugar, ni na gasa masa bayan da ruwan zafi. Amma ki ji bambancin, ki kai ajinku in kina so. Shi an doke shi don ya ƙi abin da aka miƙa masa. Ni ba a taɓa miƙa min ba, balle in ƙi. Kuma da wuta ta kama shi, ni ya jawo ya kare da ita. Ban janye ko kalma ɗaya ba.

Sai dai na kwana biyu ina tunanin layin ƙonawar nan, abinci ya ƙi shiga. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mazan da suka ƙi da matan da suka ƙi, kowa yana tsare mutuncinsa ne, ba laifi. Ni ban da wannan damar, nono ɗaya muka sha. Na tambayi wani malami a kaikaice, ya ce in an rasa mai wanka a yi taimama. Amma ba a rasa ba tunda ga ki, ke jininsa ce, lalura kuma tana da hukuncinta. Idan da zunubi a ciki, ki ce ni na sa ki, na ɗauka.

Ga yadda za ki yi. Ki yi alwala, ki yi bisimilla. Ki rufe shi da zane mai kauri daga ƙirji zuwa gwiwa, kada ki ɗaga, ta ƙarƙashi hannu yake aiki. Ki naɗe hannunki da ƙyalle. Ki ɗan tayar da shi ki shafa cikin a hankali, ki tsarkake abin da ya fito, ki sauya ƙyalle. Ki yi masa alwala irin ta salla. Sannan kai, sannan gefen dama, sannan hagu. Ruwan kada ya yi zafi kada ya yi sanyi, kamar na jariri. Sau uku, in bai isa ba biyar. Mu da magarya muke yi, amma an ce ba a barin ganye ya shiga ƙasar, sabulu ya wadatar. Na ƙarshe ki sa kafur, yana cikin ƙullin da na ba Dachung. In yana da gashi ki taje a hankali. Kada ki yi sauri, kada ki yi kuka a kansa, ki yi kafin ki shiga. Abin da kika gani kuma ya mutu a bakinki har abada. Wannan shi ne rabin aikin.

Likkafani yana cikin jakar da na ba shi ya kawo miki. A yadda aka koya mana, namiji ƙyalle biyar, mace bakwai. Shekara arba'in ina wannan aiki, shi ne wuri ɗaya da na ga rabon mace ya fi na namiji, shi ma sai da ta mutu. Da hannuna na yanka, na kulle ɗaki, da idon nan sabo. Kada ki tambaye ni komai a kai.

Batun yafiya, ki ce masa ban iya ƙarya ba. Ban gama yafewa ba, amma na fara, kullum ina ɗan ragewa. Ki ce Yaya ta ce ya jira ta kaɗan.

Gwaggonki,
Furera

*

Alexandria
24 ga Mayu, 2023

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina yi miki ta'aziyya, Allah ya ba ki haƙuri. Na yi murna da jin labarin idon, ki yafe min zargin da na yi.

Anti Asma ba ta jira ba. Ta rasu ranar Alhamis da hantsi, Dachung ya sauka ranar Asabar. Kwana biyu tana cikin sanyi a gidan ajiye gawa. Malam Abdulmumin yana kira yana cewa ba a jinkirta Musulmi, ma'aikatan wurin suna tambaya ko su fara nasu, ni kuma ina cewa a jira, alhali ban san ko akwai abin da nake jira ba. A filin jirgi na karanta takardarki a tsaye. Saƙonki na faɗa mata a kunne duk da haka, yadda kika rubuta shi.

Na kira Hajiya Haula na ce ba wanka nake roƙo ba, hannuna zai jiƙe, ina son mai karanta min takarda. Ta yarda da sharaɗin ba za ta shiga ba. Aka ba mu wani ɗaki mai teburin ƙarfe, ta jawo kujera ta zauna a bayan ƙofa, muka bar ta a ɗan buɗe. Ta karanta takardar tun daga farko, har da abin da ba nata ba. Na ji muryarta ta tsaya a wajen igiyar guga, ta sake tsayawa a wajen rabon mace.

Ta ce in fara shimfiɗa likkafanin kafin in taɓa ruwa. Na farke ɗinkin jakar, na shiga jerawa.

"Nawa ne?" in ji ta daga waje.

Na ƙirga sau biyu. Na ce, "Bakwai."

Na zaci ta tashi ta tafi. Na ɗauki buta na fara gwada ruwan. Sai ƙofa ta buɗe. Ta shigo tana naɗe hannun riga, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ni ban sauya magana ba. Amma wadda aka zalunta ta yanka bakwai, ni da ba a yi wa komai ba zan zauna a kujera? Matsa, ruwan nan ya yi zafi."

Mun wanke ta sau uku, yadda kika ce. An yi mata salla bayan azahar, sahu biyu.

Allah ya jiƙanta, ya ƙara miki lafiya da hasken ido.

'Yarki,
Mubina